INA LITTAFIN YAKE KWANA? TAƘAITACCEN TARIHIN KWAMFUTAR KWAIKWAYO DA MAKOMAR AYYUKAN OFISOSHINMU

Gabatarwa

A cikin shekarar 2016 na je gida Roni hutun Babbar Salla, sai baffana, Allah ya jiƙansa, ya yi mini wata tambaya wadda har yau ban gama amsa ta ba. Shi dai baffan nawa tsohon malamin En'e ne, ya yi shekaru yana riƙe da littafin haraji a ofishin hakimi kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Muna zaune a zaure bayan la'asar, sai ya ce in gaya masa irin aikin da nake yi a Kano, tun da ya ji ana cewa wai ni malamin kwamfuta ne. Na ce masa, "Baffa, ai aikinka na gada. Littafin lissafin kamfani nake tsaro, sai dai nawa littafin ba na takarda ba ne." Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, ɗana, in kun tashi daga ofis, ina littafin yake kwana?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga abin ya fi ƙarfin zama ɗaya. A lokacin littafin namu yana cikin wata kwamfuta ce wadda ba ta da jiki, ita kuma tana zaune cikin wata babbar kwamfuta mai jiki, a cikin wani gini a birnin Dublin na ƙasar Ayalan wanda ban taɓa sa ƙafata ba. Na ce masa dai, "Yana kwana Turai." Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya kyauta."

Manufar wannan maƙala ita ce in ba mai karatu amsar da ban iya ba baffana ba a ranar. Zan bi tarihin wata dabara da masana suka ƙago, watau dabarar kasa kwamfuta ɗaya ta zama kwamfutoci da yawa, kowace tana aikinta kamar ita kaɗai ce a duniya. Irin wannan kwamfuta marar jiki ita zan riƙa kira kwamfutar kwaikwayo. A kanta ne yawancin manhajojin bankuna da kamfanoni da ma'aikatun gwamnati suke gudana yanzu, saboda haka maganar ta shafi mai sayar da hatsi a Gwiwa kamar yadda ta shafi manajan banki a Legas.

Zamanin littafin takarda

Bari mu fara da littafin baffana, domin da shi za mu auna duk abin da ya biyo baya. A zamanin En'e, kamar yadda ya ba ni labari, sunan kowane magidanci da ya isa biyan haraji yana cikin littafin gunduma. In an tashi aiki, littafin yana kwana cikin akwatin ƙarfe a ofishin hakimi, kuma kowa ya san wanda mabuɗin yake hannunsa. Lissafin abin da aka tara kuwa sai a kai shi Kazaure wurin Ma'aji a Baitulmali, a shigar a wani littafin. Ke nan ko da gara ta ci na Roni, ko gobara ta tashi, ana iya zuwa Kazaure a duba.

Haraji da jangali sun tafi tun 1979, sa'ad da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano, wadda ƙasar Kazaure da ta Babura suke cikinta har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ba ina kewar haraji ba ne, talakan da ya biya shi ya san zafinsa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne abubuwa uku da wancan tsari ya tanada: an san inda littafi yake kwana, an san mai mabuɗi, kuma akwai kwafi na biyu a wani wuri dabam. Duk ofishin da ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, to yana cikin hatsari, ko da takarda yake aiki ko da na'ura.

Gida ɗaya, ɗakuna goma sha huɗu

Sa'ad da baffana yake jan layi a littafinsa da rula, a Amurka kwamfuta ta riga ta shiga manyan kamfanoni da jami'o'i. Kwamfutar wancan zamani kuwa aba ce mai cika ɗaki, mai tsadar gaske, ga buƙatar sanyi dare da rana. Mai son ta yi masa lissafi sai ya huda umurninsa a jikin katuna, ya miƙa wa ma'aikatan ɗakin, ya dawo gobe ya karɓi sakamako. In ya yi kuskuren waƙafi ɗaya, sai ya sake bin layi. Haka ɗaliban farko na Nijeriya suka koya, tun daga cibiyar da kamfanin IBM ya buɗe a Jami'ar Ibadan a 1963, har zuwa cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ake kira da sunan Farfesa Iya Abubakar.

Masana suka ga wannan asara ce, na'ura mai saurin walƙiya tana zaman jiran mutum ɗaya. A 1959 wani Bature ɗan Ingila, Christopher Strachey, ya gabatar da maƙala kan raba lokacin kwamfuta tsakanin ayyuka da yawa. A 1961 kuma aka gwada irin wannan tsari a babbar makarantar fasaha ta MIT ƙarƙashin jagorancin Fernando Corbató. A wannan shekara ce John McCarthy ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta kamar yadda ake sayar da aikin wayar tarho, kowa ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Mai karatu ya riƙe wannan hasashe, za mu dawo kansa.

Waɗanda suka kai dabarar ga gaci su ne wasu ma'aikatan IBM a cibiyar bincikensu ta Kambirij, kusa da birnin Boston. Sun fara aikin a 1964, a farkon 1967 kuma tsarin nasu mai suna CP-40 ya kama aiki. Abin da suka yi shi ne, suka rubuta wata ƙaramar manhaja da ke zama tsakanin ƙarfen na'ura da masu amfani da ita, tana nuna wa kowannensu kamar shi kaɗai ya mallaki kwamfutar dungum, da ƙwaƙwalwarta da ma'adanarta da faifanta. Kwamfutocin kwaikwayo har goma sha huɗu suna iya aiki lokaci guda a kan na'ura ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne gidan haya. Gini ɗaya ne, harsashi ɗaya, rijiya ɗaya, amma kowane ɗan haya yana da ɗakinsa da kwadonsa da murhunsa. In tukunyar wani ta ƙone, ta maƙwabcinsa ba ta ƙonewa. Ita waccan ƙaramar manhaja ita ce mai gida, ita ke raba ɗakuna, ita ke hana wani leƙa ɗakin wani. A 1972 IBM ya fitar da wannan tsari kasuwa da sunan VM/370, a 1974 kuma Gerald Popek da Robert Goldberg suka rubuta sharuɗɗan da dole na'ura ta cika kafin a iya kasa ta haka. Ke nan dabarar nan da ake yi wa kallon sabuwa ta haura shekara hamsin a duniya.

Kowa da tasa

Daga nan sai al'amari ya juya. A 1981 IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutar tebur, farashi ya yi ta faɗuwa, har kowane ofis ya iya sayen tasa. Wanda ya samu halin gina gidansa, me zai yi da ɗakin haya? Sai aka jingine tsohuwar dabara, ta rage a hannun manyan bankuna da hukumomi masu tsofaffin na'urori. Sabuwar al'ada ta zama ita ce, duk manhajar da kamfani zai girka, sai ya saya mata na'urarta ta musamman, watau abin da ake kira saba. Lissafin kuɗi da sabarsa, albashi da tasa, wasiƙu da tasu, domin in an haɗa biyu a wuri ɗaya sukan yi faɗa.

A cikin wannan zamani ne kwamfuta ta iso mana. Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, kuma ɗan Kazaure ne, ya sa harkar kwamfuta gaba a lokacin da ko wayar salula ba ta zama ruwan dare ba, domin sai a watan Agusta na 2001 ne kamfanonin salula suka fara aiki a Nijeriya. A wannan shekara ta 2001 aka kafa makarantar Informatics a Kazaure tare da haɗin gwiwar wani kamfanin ilmi na ƙasar Singafo mai wannan suna, ita ce daga baya ta zama cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Jihar Jigawa. Jihar ta kuma kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse, wanda yake jawo intanet ta tauraron ɗan'adam. A 2006 gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone domin ya riƙe wa ma'aikatunta hanyoyin sadarwa da rumbunan bayanai.

Ina cikin samarin da wannan guguwa ta ɗebo. Mun taru daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura, har da 'yan jihohin nesa, yawancinmu ba mu taɓa dafa kwamfuta ba sai a Kazaure. A can na fara kwance na'ura na ga cikinta. Ba zan manta da irin kallon da ake yi mana a gari ba in mun fito da manyan littattafai na Turanci. Abin da muka koya ya ci da mu, ya kuma ci da iyalanmu. Sai dai ilmin zamaninsa ne, watau na'ura ɗaya, aiki ɗaya, kuma in ka ce littafi yana kwana a saba, kana iya nuna ta da yatsa.

Ranar da littafi ya ɓace

A 2008 ina aiki da wani kamfanin dillancin taki da hatsi a Kano, mai rassa a Kazaure da Babura. Sabobi uku muke da su a wani ɗan ɗaki kusa da matakala, da na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya, da janareta wanda ya tsufa. Wata rana cikin bazara aka kawo wuta da ƙarfi, sabar lissafi ta yi ƙauri ta mutu. Hankalina bai tashi ba da farko, domin kowace Juma'a nakan kwafe bayanai in ajiye a faifai a gida. Na ce wa maigidanmu, "Ranka ya daɗe, gobe war haka mun koma aiki."

Ashe ban san dawan garin ba. Muka sayo sabuwar na'ura, tsohuwar manhajarmu ta ce ba ta san ta ba. Babbar manhajar da take gudana a kanta ta tsufa, ta ƙi karɓar kayan cikin sabuwar na'urar, irin tsohuwar na'urar kuwa an daina ƙera ta. Ga bayanai a hannuna, ba abin da zai karanta su. Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. Manoman Babura da suka ba da kuɗin taki suka yi ta zuwa da rasit a hannu, ba mu da inda za mu duba, ga damina ta ƙarato. Albashin ma'aikata ya makara. Wani dattijo mai gadin sito ya tare ni ya ce, "Malam, da can da muke rubutawa a littafi, ba mu taɓa kwana biyu ba mu san abin da ke sito ba." Ban iya ce masa kome ba.

A nan na gane aibin tsarin. Mun ɗaure littafinmu a jikin ƙarfe, ranar da ƙarfen ya mutu sai ya nemi ya tafi da littafin. Kuma abin takaici, sabobin nan uku ba wadda take aiki da rabin ƙarfinta. Haka abin yake ko a manyan kamfanonin duniya, inda aka sha auna cewa saba ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ƙarfinta ba, amma tana shan wuta da sanyi dare da rana.

Da tsohuwar zuma ake magani

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, shekara goma ke nan da wasu suka tono maganin. A 1998 Diane Greene da Mendel Rosenblum na Jami'ar Stanford da abokansu suka kafa kamfanin VMware a Kalifoniya, da niyyar dawo da dabarar gidan haya kan ƙananan na'urori. Aikin yana da wuya, domin ƙwaƙwalwar Intel da ke cikin waɗannan na'urori ba a ƙera ta da wannan niyya ba, ba ta cika sharuɗɗan Popek da Goldberg ba. Sai suka sa mai gidan nasu ya zama kamar tafinta, yana sauraron duk umurnin da ɗan haya zai ba na'ura, in ya ji mai hatsari sai ya sake masa lafazi kafin ya isar. Sun fitar da na tebur a 1999, na sabobi a 2001. A 2003 suka nuna ana iya ɗauke kwamfutar kwaikwayo tana tsakar aiki daga wannan na'ura zuwa waccan ba tare da an kashe ta ba.

Wasu ma suka shigo fagen. Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fitar da Xen a 2003, kyauta ga kowa. Intel a 2005 da AMD a 2006 suka gyara ƙwaƙwalen da suke ƙerawa domin su karɓi wannan aiki kai tsaye. A 2007 aka shigar da KVM cikin Linux, a 2008 kuma Microsoft ya fitar da Hyper-V.

Babban abin da ya sake a nan shi ne, kwamfuta ta koma fayil. Ana iya kwafe ta dungum, da babbar manhajarta da ƙananan da bayanan ciki, a sa a faifai a kai wani gari, a kunna ta a kan kowace irin na'ura, ba za ta ma san an sake mata gida ba. A 2011 muka mayar da sabobinmu uku kwamfutocin kwaikwayo a kan na'ura ɗaya, muka ajiye ta biyu a reshenmu na Kazaure. Kuɗin man janareta ya ragu. Sa'ad da na'urar Kano ta sake samun matsala, kafin a idar da sallar azahar mun tayar da littafin a Kazaure. Watau dai mun koma tsarin baffana, kwafi ɗaya a gunduma, ɗaya a Baitulmali.

Gajimare da kwantena

Tun da kwamfuta ta zama abin da ake kasawa a ba da haya, sai hasashen McCarthy ya tabbata. A 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar kwamfutocin kwaikwayo ta intanet, ana biya da awa. Google da Microsoft suka bi sahu. Wannan shi ake kira gajimare, ko da yake sunan yana ruɗar mutane, domin ba wani abu a sama. Manyan gine-gine ne a ƙasa, cike da dubban sabobi, a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Kamfaninmu ma ya koma can a 2015, muka huta da janareta da ƙurar hunturu, littafinmu ya tafi Dublin.

Sa'an nan a 2013 wani sabon salo ya fito da sunan Docker, wanda Solomon Hykes ya jagoranta. A kwamfutar kwaikwayo kowane ɗan haya yana da madafarsa, watau babbar manhajarsa, wannan kuwa yana cin wuri. A sabon salon sai aka ce kowa ya riƙe ɗakin kwanansa da kwadonsa, amma a yi tarayya a madafa ɗaya. Ana ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata cikin ƙunshi guda da ake kira kwantena, wadda take tashi aiki cikin daƙiƙoƙi. An aro sunan ne daga kwantenar jiragen ruwa, wadda Malcom McLean ya fara jigila da ita a 1956, irin wadda ake saukewa a tashar tsandauri ta Dala a Kano. Hikimar ɗaya ce: jirgi da jirgin ƙasa da tirela ba ruwansu da abin da ke ciki, tun da girman akwatin ɗaya ne. A 2014 Google ya fitar da Kubernetes, wanda aikinsa kamar na sarkin tasha ne, shi ke cewa wannan kaya ya hau waccan mota, in mota ta lalace ya juye kayan a wata, in fasinja sun yi yawa ya kira ƙarin motoci.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin Turai ne kawai. Lambar BVN da aka fara a 2014, da asusun bai ɗaya na gwamnati da aka tilasta a 2015, da jarrabawar JAMB da ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, da na'urar POS da ke hannun yaro a bakin kasuwar Roni, duk manhajoji ne da ke zaune a sabobin wani wuri mai nisa, mu kuwa muna leƙa su ne ta taga.

Abin da ke gabanmu

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Cikin 'yan shekarun nan mun ga gaskiyar wannan ta fuska uku.

Ta farko ita ce hanya. Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, cikin azumi, igiyoyin sadarwa huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka katse a gaɓar Abijan. Ayyukan bankuna da dama a Nijeriya suka tsaya cik, masu POS suka rungume hannu. Littafin yana nan lafiya a inda yake, hanyar zuwa wurinsa ce ta yanke. A watan Oktoba na wannan shekara kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Wanda ya kai littafinsa waje hanya ta yanke masa, wanda ya ajiye a gida wuta ta yanke masa.

Ta biyu ita ce kuɗin haya. Da dala ake biyan yawancin masu gajimare. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Kamfanin da bai ƙara ko kwamfuta ɗaya ba sai ya tarar hayarsa ta ninka uku. Har wa yau, a watan Nuwamba na 2023 kamfanin Broadcom ya saye VMware a kan kuɗin da ya kai dala biliyan 61, ya kuma daina sayar da lasisin dindindin, ya mai da shi na biyan shekara-shekara. Masu amfani da shi a duniya duka suka shiga neman mafita.

Ta uku ita ce mabuɗi. Littafin da ke kwana a wata ƙasa yana ƙarƙashin dokar wannan ƙasa. Shi ya sa hukumar NITDA ta fitar da ƙa'ida tun 2013 cewa bayanan gwamnati su zauna cikin Nijeriya, a 2019 ta fitar da manufar ƙasa kan gajimare, a watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. A watan Janairu na 2023 aka buɗe babban rumbun bayanai na Galaxy Backbone a Kano, tafiyar kilomita tamanin ko makamancin haka daga Kazaure.

To, mene ne abin yi? A ganina komawa ɗan ɗakin nan na kusa da matakala ba mafita ba ce, na ɗanɗana na sani. Mafitar tana cikin ita dabarar kanta. Abin da ya ba littafi damar tashi daga Kano zuwa Dublin, shi ne zai ba shi damar dawowa. Manhajar da aka ƙunshe cikin kwantena ko kwamfutar kwaikwayo ba ruwanta da ƙasar da take, tana gudana a Dublin, tana gudana a Legas ko Kano, tana kuma gudana a kan ƙaramar saba mai aiki da hasken rana a sakatariyar ƙaramar hukumar Gwiwa. Saboda haka ofis mai hankali zai raba ƙafa: abin da ake buƙata kullum ya zauna kusa, kwafinsa ya kwana a wani rumbu mai nisa, kuma a riƙa gwada tayar da kwafin tun kafin ranar tsautsayi. Zai kuma guji ɗaure kansa da salon kamfani ɗaya, tun da akwai irin su KVM da Xen da Proxmox da Kubernetes waɗanda ba a biyan kuɗin lasisi kafin a yi aiki da su.

Duk wannan kuwa yana buƙatar mutum, a nan ne kuma yankinmu yake da abin cewa. Ƙasar da ba ta fi tafiyar awa ɗaya ko biyu daga wannan gefe zuwa wancan ba tana da manyan makarantun fasaha uku: cibiyar da aka kafa a Kazaure a 2001, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu wadda gwamnatin tarayya ta karɓa a 2007, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura wadda aka amince da kafa ta a 2021. A zamaninmu, kafin ɗalibi ya koyi haɗa sabobi uku, sai makaranta ta sayi sabobi uku. Yanzu ɗalibi mai kwamfutar cinya ɗaya yana iya tayar da kwamfutocin kwaikwayo huɗu ko biyar a cikinta da manhajar kyauta irin VirtualBox, ya haɗa su, ya lalata su, ya sake ginawa, duk a ɗakin kwanansa. In makarantun nan suka tsaya ga yaye masu buga takarda da masu latsa manhajar da wani ya girka, za mu dawwama 'yan haya. In kuwa suka yaye waɗanda suka iya aikin mai gida da na sarkin tasha, to rumbun Kano da waɗanda za a gina bayansa ba sai an ɗauko musu ma'aikata daga nesa ba.

Mu ma 'yan ƙungiyar Hausa muna da namu rabon aikin. Shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan kasuwar da zai sa hannu a yarjejeniyar kai bayanansa gajimare, ya kamata ya fahimci abin da yake sa wa hannu da harshen da yake tunani da shi. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, irin su kwamfutar kwaikwayo da mai gida, shawara ce kawai. Malamanmu na harshe da 'yan'uwa ɗalibai na sashen kwamfuta su zauna su tace su, in akwai waɗanda suka fi su a kawo.

Kammalawa

Mun ga yadda aka fara da babbar na'ura ɗaya ana kasa ta a 1967, aka watse kowa ya kama tasa daga 1981, aka sake haɗuwa daga 1998, har aka kai ga haya a gajimare da ƙunshi a kwantena. A duk tsawon wannan tafiya tambayoyi ukun nan na zamanin En'e ba su tsufa ba. Duk ɗalibin da zai fita daga wannan jami'a ya riƙe ofis, ko na gwamnati ko na kasuwanci, ina roƙonsa ranar da ya kama aiki ya kira mai kula da kwamfuta ya tambaye shi inda littafin yake kwana, da wanda ke riƙe da mabuɗi, da inda kwafi na biyu yake, ya kuma ce a tayar da kwafin a gabansa ya gani.

Baffana ya rasu kafin in kai masa cikakkiyar amsa. Da yana raye da na gaya masa cewa tun 2024 littafin namu ya dawo, yana kwana a wani rumbu a nan Nijeriya, kwafinsa ɗaya yana Kazaure, ɗaya yana Turai, mabuɗin kuma mu biyu muke riƙe da shi, ni da wani yaro ɗan Gwiwa da nake koya wa aikin.